Idan Damuwar Gida Ta Biyo Mu Aji

Wata ɗalibar aji biyar ta rubuto mana daga Dakata. Mahaifinta ya daɗe yana aiki a wata masana'antar roba a Bompai, sai watan jiya aka rage ma'aikata, sunansa na ciki. Ta ce tun daga ranar, in ta buɗe littafi baƙaƙe kawai take gani, da dare kuma gabanta ya yi ta faɗuwa har asuba. Ta rufe wasiƙar da tambaya: shin ta fara taɓuwa ne?

A'a, ƙanwarmu, ba ki taɓu ba. Damuwa ce, kuma tana da dalili.

Mu da muka tashi a Brigade da Gwagwarwa da Tudun Wada mun san cewa in inji ya tsaya a Bompai, tukunyar gidanmu ce ke fara sani. Masaƙu da dama a Bompai da Sharada da Challawa sun rufe saboda matsalar wutar lantarki da kayan waje masu araha, waɗanda suka rage kuma kullum cikin lissafi suke. Manya na zaton yara ba su lura. Ai kuwa muna lura! Mun ga an daina sayen nama, mun ji an rage murya da muka shigo ɗaki, washegari mun ɗauki wannan nauyi tare da jaka mun tafi makaranta.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata matsala ta lafiyar ƙwaƙwalwa. A ajin mutum 70, kusan 10 ke nan. Wataƙila wanda ke kusa da kai a benci yana ciki, bai dai faɗa ba.

Abin da ya fi yi mana amfani shi ne takarda da biro. Ja layi a tsakiya. A hannun dama rubuta abin da ba ya hannunka: aikin Baba, kuɗin haya, farashin shinkafa. A hagu rubuta abin da za ka iya yi yau: shafi biyu na lissafi, ɗebo wa Umma ruwa, tambayar malami abin da ya shige maka duhu. Damuwa tana son ta dunƙule komai ya zama dutse guda a ƙirji. Da ka rubuta, sai ka ga yawancin dutsen ba naka ba ne, kuma ba wanda ya ce ɗan shekara 16 ya buɗe masana'antar da ta rufe. Ka ɗauki abu ɗaya daga hagu ka gama shi kafin magariba. Ɗaya tak.

In kuma faɗuwar gaban ta zo ba sallama, misali ana raba takardar jarrabawa, ja numfashi ta hanci kana ƙirga huɗu, ka sake shi a hankali kana ƙirga shida, kamar sau goma. Fitar da numfashi a hankali yana rage gudun bugun zuciya. Sai dai a gwada shi tun lafiya lau, kada a jira ranar WAEC.

Barci ma magani ne da muke rainawa. Masana sun ce matashi na buƙatar awa 8 zuwa 10. Wanda ya kai ƙarfe 1 na dare yana kan TikTok, da safe ko ƙaramar magana sai ta zame masa tashin hankali.

Akwai kuma hanyar da wani aboki zai nuna maka a bayan katanga, ya ce kurɓa ɗaya ka manta komai. Kano ta ga ƙarshen wannan hanya. A watan Mayun 2018 ne gwamnatin tarayya ta hana sarrafa maganin tari mai kodin da shigo da shi, bayan wani binciken BBC ya nuna ɓarnar da yake yi wa matasa. Kodin da tiramol suna danne damuwa na 'yan awoyi, ta dawo ta same ka babu kuɗi, ga jiki yana neman ƙari.

Magana ita ce ta fi wuya, domin an raine mu a kan rufin asirin gida, kuma hakan daidai ne. Amma gaya wa mutum ɗaya mai amana, goggo ko yaya ko malamin ba da shawara na makaranta, ba tonon asiri ba ne. Ba sai ka zayyana komai ba. "Malama, kwana biyu ba na iya barci" ya isa buɗe ƙofa.

In abin ya wuce mako biyu, ba ci, ba barci, ba sha'awar komai, to ya kai na likita. Akwai sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai kuma asibitin Dawanau. A Janairun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, ta kuma tanadi haƙƙin marar lafiya. Wanda kuwa tunanin cutar da kansa ya zo masa, ko ya ji aboki ya furta haka ko da cikin wasa, ya sanar da babba a ranar, kada ya bari ya kwana.