Sigogin manhajar Dolphin

Dolphin manhaja ce ta kyauta da ke kwaikwayon na'urorin wasan bidiyo biyu na kamfanin Nintendo, wato GameCube da Wii, ta yadda za a iya buga wasanninsu a kwamfuta ko a wayar Android. An fara fitar da ita a 2003, aka buɗe lambobinta ga kowa a 2008. Tana da sigogi da dama, kuma zaɓen wadda za a sauke ya daɗe yana rikita sababbin masu amfani da ita.

Matsalar siga 5.0

Siga 5.0 ta fito a watan Yunin 2016, kuma shekara takwas ita ake kira tsayayyiyar siga. Wannan lakabin ya yaudari mutane da yawa, domin duk gyare-gyaren da aka yi bayan nan suna cikin sigogin gwaji ne, waɗanda sunansu ke sa baƙo ya ɗauka ba su da tabbas. Sai mutum ya sauke 5.0, ya yi ta fama da kurakuran da aka gyara tun tuni. A watan Yulin 2024 masu haɗa manhajar suka sauya tsari, suka fitar da siga 2407. Lambar tana nuna shekara da wata, don haka kowa na iya gane tsohuwa da sabuwa. Ga yawancin mutane, ta baya-bayan nan ita ce zaɓin da ya dace.

Rassa da tsoffin sigogi

Masu ƙananan wayoyi kan koma ga rassa irin su MMJR, waɗanda wasu suka gina kan tsoffin lambobin Dolphin. Suna ƙara sauri ta hanyar dabarun da ke rage daidaiton kwaikwayo, abin da kan jawo hoto ya lalace ko wasa ya tsaya cak.

Akwai dalilai biyu masu ƙarfi na zama kan siga ɗaya. Ajiyar nan take, wadda ke kama wasa a daidai inda yake, sau da yawa ba ta buɗewa bayan sabuntawa, saɓanin ajiyar da wasan kansa ke yi. Haka kuma masu wasa tare ta intanet dole ne sigarsu ta zama ɗaya.

Inda ake samunta

A 2023 aka fasa saka Dolphin a dandalin Steam bayan Nintendo ya nuna wa kamfanin Valve rashin amincewarsa. Ana sauke ta ne daga shafin masu haɗa ta, ko daga Google Play ga masu Android.