Kafin ka biya kuɗin gida, tambayi magada nawa ne

A Droum da ƙauyukan da ke kewaye da ita, yawancin cinikin gida a zaure ake ƙulla shi. Mai saye da mai sayarwa su zauna, a kira dattawa biyu ko uku, a yi sallama, a shafa fatiha. In an yi ƙoƙari a yago takarda daga kayen ɗan lakkwal, a nemo mushe ya rubuta da Faransanci, kowa ya dangwala yatsa. Mu malamai an sha kiranmu wannan aiki, shi ya sa nake ganin ya kamata mu faɗa wa iyaye gaskiya: wannan takarda tana nuna cewa kuɗi sun fita daga hannu zuwa hannu, amma ba ta tabbatar da cewa wanda ya karɓa shi kaɗai ke da gidan ba.

Nan ne matsalar take. Gidajenmu da yawa na gado ne da ba a taɓa rabawa ba. Uba ya rasu, babban wa ya ci gaba da zama, ƙannai sun tafi ci-rani Kano ko Libiya, mata suna gidajen aure. Shekara goma ta wuce, unguwa ta saba cewa gidan wane ne. Ran da ya matsu ya sayar, shaidun ma da zuciya ɗaya za su sa hannu, don abin da suka sani ke nan. Sai bayan mai saye ya rushe ɗakin ƙasa ya ɗora bulo, ƙanwa ta zo da ɗanta da ya girma ya san kotu, ta ce ina rabonta. Kuma tana da gaskiya. Musulunci ya yanka mata kaso, kawaicin da ta yi shekaru bai zubar da shi ba. Mai saye kuwa, wanda wataƙila malami ne da ya ci bashin banki a kan albashinsa, ga kuɗi an cinye, ga banki na yanka kowane wata.

Abin takaici, hanyar kauce wa wannan tana nan tun tuni. Dokar tsarin karkara mai lamba 93-015, ta ranar 2 ga Maris 1993, ita ce ta kafa kwamitocin kula da filaye da muke kira kofo. Akwai na ƙauye, wanda maigari ke shugabanta, akwai na komin, akwai na departama, mu namu yana Mirriya. An fi saninsu da rikicin gona da burtali, amma filin gida a ƙauye ma ƙasar gado ce, kuma a wurinsu ake samun takardar shaidar mallaka ta gargajiya da takardar shaidar sayarwa. Amfaninsu babba shi ne ciniki yana fita daga zaure: ana sanarwa, maƙwabta su nuna iyaka, mai ja ya fito ya yi magana tun kuɗi suna aljihunka. Kwafi kuma yana zama a rajista, inda gara ko gobarar ɗakinka ba za ta kai ba.

In gidan gado ne, ni a ganina kada ka fitar da ko dala sai an tara magada duka, maza da mata, an rubuta zaman iyalin da sunan wanda suka wakilta ya sayar, kotu ta tabbatar. Wanda yake nesa ya aiko da wakilci a rubuce; saƙon murya na WhatsApp bai isa ba. In akwai marayu ƙanana a ciki, sai a ƙara taka-tsantsan, don su ne za su girma su tayar da maganar.

Wanda zai saya a birnin Zinder kuma, can takardar fili daga ma'aikatar magajin gari take fitowa. Ka je da kanka a duba rajista, ka ga sunan da ke ciki shi ne na mai sayar maka, sannan a juya ta zuwa sunanka. Mutane da yawa suna riƙe da takarda mai sunan wani, suna cewa sai an samu sarari. Tun 2006 gwamnati ta fito da titir fonsiye mai sauƙi, ta ma ba shi sunan Hausa, Sheda.

Na san abin da za a ce: yawon ofis na cin kuɗi da lokaci, kuma neman takarda wurin ɗan'uwa kamar zarginsa ne. Na farkon gaskiya ne, sai dai kuɗin hatimi da na mota zuwa Mirriya ba su kai na zirga-zirgar shari'a ba. Na biyun kuwa, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, kan rubuta bashi da kafa shaidu a ciniki ta sauka, kuma ga sahabbai aka fara karanta ta, mutanen da suka fi mu riƙon amana.

Mu da ake kira mu rubuta, mu riƙa tambaya kafin mu ɗauki biro: gidan nan saye aka yi ko gado, kuma ina sauran?