Idan Kunne Ya Ji, Jiki Ya Tsira

Yau ina so mu tattauna a kan wata lalura da ta zauna mana a gidaje, amma muka sa mata wani suna daban don kada mu fuskance ta, wato raunin ji.

Duk wanda ya san Hotoro ya san akwai magidanta da yawa waɗanda suka ƙarar da ƙuruciyarsu suna sammakon tafiya aiki Bompai, ko Sharada, ko Challawa. Wasu a masaƙu, wasu a kamfanonin roba, wasu kuma a majemu. Da yawa daga cikin kamfanonin nan sun rufe, amma abin da ƙarar injuna ta yi wa kunnuwan ma'aikatan yana nan. A yau za ka ga dattijo a majalisa ana hira yana murmushi kawai, ko ya ƙure sautin rediyo har maƙwabta su ji, ko ya riƙa cewa yaran zamani ba sa buɗe baki in suna magana. Mu kuma sai mu ce tsufa ne, ko mu ce kunnen uwar shegu yake yi mana. A ganina wannan zalunci ne, domin kuwa mutumin ciwo ne da shi, kuma ciwon yana da sanadi.

Ga yadda abin yake. A can cikin kunne, bayan dodon kunne, akwai wani sashe mai siffar dodon-koɗi, cike da wasu 'yan ƙananan ƙwayoyi masu gashi-gashi, waɗanda su ke karɓar sauti su miƙa wa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai tsanani tana kashe su a hankali, kuma wanda ya mutu ba ya sake tsirowa. Masana sun ce idan ƙara ta kai desibel 85, to awa 8 ita ce iyakar abin da ya kamata mutum ya zauna a cikinta a yini, kuma duk ƙarin desibel 3 sai lokacin ya ragu da rabi. Ma'auni mai sauƙi shi ne: in har sai ka ɗaga murya kafin wanda ke tsaye kusa da kai ya ji ka, to wurin yana cin kunne. Wannan ya haɗa da mai injin niƙa, da mai walda, da wanda ke yini a gefen janareto.

Abin da ke ruɗar mutane shi ne, siraran sautuka ne ke fara ɓacewa, irin su "s" da "f" da "sh". Shi ya sa za ka ji mutum ya ce yana jin magana amma ba ya gane ta, musamman a cikin hayaniyar biki ko kasuwa, ko in mace ko yaro ke magana. Wasu kuma suna jin wani amo ko shuuu a kunne wanda ba ya ɗaukewa. Waɗannan alamu ne da bai kamata a yi sake da su ba.

Kuma ba mu kaɗai ba ne. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2021 ya nuna sama da mutum biliyan 1.5 ne ke da raunin ji, kuma miliyan 430 daga cikinsu suna bukatar taimako. Don haka ne ma aka ware ranar 3 ga Maris ta kowace shekara domin wayar da kai a kan ji.

To mene ne mafita? Abu na farko shi ne gwaji. A sashen kunne da hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ana duba irin wannan, haka nan akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna wadda aka kafa a 1999. Wani sa'in ma dauɗar kunne ce kawai ta toshe, a wanke a huta. In kuwa likita ya ce sai na'urar ƙara ji, to a sani ana saita ta ne daidai da sakamakon gwajin mutum, kamar yadda ake yanka tabarau daidai da ido. Wadda ake saye a kasuwa ba tare da gwaji ba takan ƙara komai ne gaba ɗaya, har da hayaniyar da mutum ke gudu, shi ya sa ake jefa ta a ƙarƙashin gado bayan kwana biyu. Ko ta gaskiyar ma sai an yi haƙurin makonni kafin ƙwaƙwalwa ta saba.

Na san za a ce na'urar tana da tsada, ga kuɗin batir. Wannan gaskiya ne, kuma a nan ne nake ganin masu kamfanoni da hukuma suna da nauyi a wuyansu. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF ke gudanarwa, ta ambaci raunin ji a cikin abubuwan da ake biyan diyya a kansu, sai dai ta ƙayyade lokacin neman haƙƙin, don haka jinkiri asara ne. Ya kamata ƙungiyoyin ƙwadago su sanar da 'ya'yansu wannan, su kuma dage a raba matoshin kunne ga duk mai aiki a gaban inji, tunda rigakafi ya fi magani.

Amma babban cikas a wurinmu kunya ce. Malami zai sa tabarau a ce ya yi kwarjini, amma in ya maƙala na'ura a kunne sai a fara nuna shi ana cewa kurma. Mene ne bambancin? Mutumin da ya daina jin huɗuba a masallaci, ya daina jin hon ɗin tanka a titin Maiduguri, ya daina jin muryar jikokinsa, shi ne ya kamata mu ji wa tsoro, domin kaɗaici yana cinye tsoho fiye da yunwa.

Saboda haka, ya kai mai karatu, in akwai irin wannan bawan Allah a gidanku, ka daina yi masa tsawa daga nesa. Ka fuskance shi, ka yi magana a natse, sannan ka ɗauke shi ku je a gwada. Allah Ya ba mu lafiya, Ya sa mu dace, amin.