A Bar Ruwan Rijiya Ya Kwana Kafin a Zuba wa Kifi

Ya kai manomi mai kiwon kifi, da ku malaman gona masu zagayawa gida-gida, akwai wata al'ada da nake ganin ya kamata mu sake tunani a kanta. A unguwannin Bauchi irin su Yalwa da Gwallameji da Fadaman Mada, mutane da dama suna kiwon tarwaɗa a cikin tankin kankare ko na tamfol a bayan gida, kuma akasarinsu da rijiya ko rijiyar burtsatse suka dogara. Idan ruwan tanki ya yi wari sai a zubar da shi, a tada inji, a kwarara sabo kai tsaye a kan kifin. Bayan 'yan awoyi sai a ga ƙananan kifaye sun taso sama, sun daina cin abinci, wasu sun mutu. Daga nan sai a ɗora laifi a kan wanda ya sayar da irin, ko a ruga neman magani. Ra'ayina shi ne, sau da yawa laifin na sabon ruwan ne, domin ba a bar shi ya kwana ba.

Ruwa ba ya tsami banza. Ruwan da ya daɗe a ƙarƙashin ƙasa bai haɗu da iska ba, saboda haka iskar oksijin da kifi ke shaƙa tana da ƙaranci a cikinsa, alhali ana son a sami kimanin miligiram 5 a kowace lita. Haka kuma yakan zo da iskar kabon mai yawa, wadda ke ƙara masa tsami. Idan ya sha iska sai kabon ɗin ya fice, ma'aunin tsamin ruwa, wato pH, ya sauya. In a cikin tankin kifi wannan sauyi ya faru, jikin kifin ne zai ɗauki wahalar. Wasu rijiyoyin kuma suna da sinadarin ƙarfe: ruwan yakan fito garau, amma da ya haɗu da iska sai ya yi ja, tsatsa ta kwanta, ta toshe wa 'ya'yan kifi gaɓar numfashi. Wasu suna warin ruɓaɓɓen ƙwai, wanda alama ce ta wata iska mai guba ga kifi.

Masu kiwon wani kifin ado mai suna diskas, wanda asalinsa daga kogin Amazon na Kudancin Amurka ne, sun daɗe da gane haka. Da yawansu sukan ajiye ruwa a ganga na tsawon yini da kwana, suna hura masa iska, su daidaita ɗuminsa kafin su canza wa kifinsu. Idan mai kiwo don sha'awa yana yin wannan, mai kiwo don ciyar da iyali ya fi cancanta ya yi.

Na san abin da za ka ce: tanki kuɗi ne, fili ya yi kaɗan, kuma ka sha zuba ruwa kai tsaye ba abin da ya faru. Da gaskiyarka ta wani ɓangare. Babbar tarwaɗa tana da gaɓar da take shaƙar iska daga sama, shi ya sa take jure abin da ƙarfasa ba za ta jure ba. Amma 'yan ƙyanƙyasa ba su kammala wannan gaɓa ba tukuna. Kuma kifin da ya sha wahala ya kan rage cin abinci da girma ko da bai mutu ba, alhali abinci ne ke cinye mafi yawan jarinka.

Ba kowace rijiya ce ke da matsala iri ɗaya ba, don haka gwada taka. Ɗebi ruwa a farin bokiti, ka bar shi a buɗe har gobe. Duba ko ya yi ja, ko ƙananan kumfa sun manne a jikin bokitin, ko warinsa ya sauya. Malamin gona mai takardar awon pH ya auna lokacin da aka ɗebo, ya sake aunawa bayan awa 24. Idan bambancin yana da yawa, lallai ruwan na bukatar kwana.

Ga yadda za a yi:

1. Tanadi tankin ajiya a inuwa. Tankin kifi mai tsawon mita 3 da faɗin mita 2 da zurfin ruwa mita 1 yana ɗaukar lita 6,000. Canza kashi ɗaya cikin uku na bukatar lita 2,000.
2. Sa ruwan ya faɗo daga sama yana fantsama, ta cikin kwando ko bututu mai huji, domin ya sha iska.
3. Buɗe murfin, ka rufe da raga saboda sauro da ganye, ka bar ruwan awa 24 zuwa 48.
4. Ɗebi na sama, ka bar lakar da ta kwanta a ƙasa.
5. Kada ka kwashe ruwan kifi gaba ɗaya. Rage kaɗan, ka cika a hankali.

A lura da yanayi. Tarwaɗa ta fi son ɗumin digiri 26 zuwa 30. A lokacin hunturu, musamman Disamba da Janairu, ruwan da ya kwana a waje yakan yi sanyi ƙwarai, saboda haka a jira rana ta ɗaga kafin a canza. A watan Afrilu kuwa baƙin tanki da ke rana yakan yi zafi fiye da kima. Wanda ke amfani da ruwan famfo na madatsar Gubi shi ma ya bar shi ya kwana a buɗe, domin kilorin da ake sa wa ruwan sha ya fice.

Sai dai kwana ba ya cire gishiri, ko maganin feshi, ko ƙazantar masai da ta tsiyayo cikin rijiya. Irin wannan sai a kai ruwan ɗakin gwaji.

Malam manomi, kafin ka ƙara sayen 'ya'yan kifi a wannan shekara, fara sayen tankin ajiya. Ku kuma malaman gona, idan aka kira ku a kan mutuwar kifi, ku fara tambayar yaushe aka canza ruwa, kuma daga ina ya fito, kafin ku rubuta sunan kowane magani.