Yaron da Ya Iya Ba da Canji Bai Kasa Lissafi Ba

A hutun da ya wuce na tarar da 'yar ƙanwata a Damagaram, wadda ke ajin ƙarshe na firamare, tana fama da wata tambayar lissafi da aka ba su da Faransanci. Ta karanta sau uku, ta kwashi lambobin da ta gani ta tara su, amsa ta fito ba kai ba gindi. Sai na rufe littafin na ce: "Kin sayi tiya uku na gero, kowace dala ɗari da hamsin, kin miƙa jikka uku. Nawa za a maido miki?" Ban rufe baki ba ta ce: "Dala ɗari da hamsin, Kawu." Tambayar da ke cikin littafin ce na maimaita mata, ban sauya komai ba sai harshe da ma'aunin kuɗi.

A ganina, da yawa daga cikin yaran da ake yi wa kallon daƙiƙai a lissafi, jimla ce ke kayar da su tun kafin su kai ga lamba. Kowace tambaya irin wannan ɗan labari ce: wa ya saya, me ya bayar, me ya rage. Wanda bai fahimci labarin ba, bai san ko tarawa zai yi ko ɗebewa ba, sai ya shiga lalube a duhu.

Ku da ke nazarin Hausa, ku dubi abin da harshen ya tanada. Dala ɗaya sefa 5 ce, jikka kuwa dala 200, wato sefa 1,000. Saboda haka duk yaron da ya iya karanta farashi a takarda ya faɗe shi da dala, rabawa gida biyar yake yi. Mai cewa "ashirin ba biyu" yana nufin 18, ya riga ya yi ɗebewa a cikin sunan lambar. Mai cewa "a ba su uku-uku" ya yi rabo daidai wa daida da maimaita kalma kaɗai. Rabi da sulusi da rubu'i da sudusi da sumuni kuwa, malaman rabon gado sun daɗe suna aiki da su a zaure.

Sai dai harshen yana da nasa ramukan, kuma a nan aikinku yake. "Goron Audu ya fi na Binta da uku" dabam, "ya ninka na Binta sau uku" dabam. Jimla ta biyun ma tana da harshen damo: idan Binta na da 10, wani zai ji 30, wani kuma, da yake ninki a bakinsa ruɓanyawa ne, zai tafi 20, 40, 80. Haka nan yarinyar da ta ce ɗari da hamsin ta yi daidai, amma in ta rubuta 150 inda ake jiran 750, jan biro ne rabonta. Dole mai rubuta tambaya ya faɗi ma'auninsa.

Za a ce ai da Faransanci ake jarrabawa. Gaskiya ne, ni ma ban ce a jefar da shi ba. Abin da nake nema shi ne, kafin yaro ya taɓa alli, malami ya sa shi ya ba da labarin tambayar da Hausa, ya faɗi abin da aka sani da abin da ake nema. In ya gane, mai da amsar cikin Faransanci ba wuya. Nijar ba baƙuwa ba ce a wannan hanya, domin tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji mai koyarwa da Hausa a Damagaram.

Mun fi son nazarin waƙa da karin magana, kuma sun cancanta. Amma littafin lissafi na Hausa ba zai rubuta kansa ba. Ga aikin da na ba ku: kowa ya rubuta tambayoyi biyar, ya karanta wa yaro ɗan shekara goma a gidansu. Duk inda yaron ya ce "ban gane ba", kada a tsawata masa. A koma a gyara jimlar.