Sharhi: Tubabbun Boko Haram za su iya zama iyaye nagari, amma a gida ake auna su

Masu bin wasannin Indiya na talabijin sun san Naagin, wanda tashar Colors ta fara nunawa a shekarar 2015. Jarumar wasan, Shivanya, macijiya ce mai rikiɗa mutum, wadda ta bi makasan iyayenta tana hallaka su ɗaya bayan ɗaya. A kashi na biyu ta zama uwa, ta ɓoye wa 'yarta Shivangi asalinta domin kada ta gaji wannan rayuwa. Daga ƙarshe an kashe uwar, 'yar kuma ta ɗora ramuwar gayya daga inda aka tsaya. Masu kallo kan yi gardama a kan ko wadda hannunta ya taɓa jini za ta iya zama uwa tagari. A fada ana yin irin wannan gardama ana shan shayi, a tashi a manta. A jihar Diffa kuwa tambayar ta shafi yaran da ke wasa a ƙofar gida.

Tun harin da Boko Haram ta kai Boso da Diffa a watan Fabrairun 2015, yankin kogin Kumadugu bai koma yadda yake ba. An kafa dokar ta-ɓaci, an hana hawa babur, an dakatar da cinikin tattasai da kifi, dubban iyalai suka kafa bukkoki a bakin babbar hanya mai lamba 1. A watan Disambar 2016 gwamnati, ta bakin ministan cikin gida na lokacin Mohamed Bazoum, ta buɗe ƙofa ga mayaƙan da ke son ajiye makamai. An tsugunar da waɗanda suka miƙa wuya a cibiyar Gudumariya, da yawa tare da matansu da 'ya'yansu, aka koya musu sana'o'i, malamai suka yi musu wa'azi. A watan Disambar 2019 aka yaye rukunin farko, mutum sama da 100, bayan sun yi rantsuwa da Alƙur'ani.

Masu shakka a kan wannan tuba suna da hujja. Mutanen Ngalewa, inda aka kashe mutum 9 aka sace 39, galibinsu mata da yara, a watan Yulin 2017, ba wanda ke da bakin ce musu su manta. Idan magidanci ya ce hali zanen dutse, ya ƙi ba tubabbe auren 'yarsa, ba za a ce ya yi zalunci ba. Rantsuwa a gaban jama'a ba ta goge abin da mutum ya saba da shi a daji, kuma wanda ya shekara yana samun biyan buƙata da bakin bindiga zai iya kai wannan hali cikin ɗakinsa.

Duk da haka, matsayin wannan jarida shi ne tubabbe zai iya zama uba nagari, kuma akwai ma'aunin da za a gane hakan. A duba ko yana fita neman halak ya kawo cefane. A duba ko ɗansa na zuwa makaranta, ko 'yarsa ta tsira daga auren dole, ko matarsa na iya faɗin ra'ayinta ba tare da fargabar duka ba. Wannan batu na ƙarshe yana da nauyi, domin wasu matan sato su aka yi aka aurar da su a daji. Irin wannan mace tana da haƙƙin zaɓar zama ko rabuwa, kuma duk jami'in da ya tilasta mata zama da sunan haɗa kan iyali ya ci amanarta.

Sai kuma darasin da ke cikin labarin Shivanya. Ɓoye wa yaro gaskiya ba ya kare shi. A gari kamar Diffa ko Maine-Soroa, yaro zai ji tarihin ubansa a bakin rijiya ko a filin ƙwallo, kuma da gori zai ji shi. Gara ya ji daga bakin uban, a lokacin da hankalinsa zai ɗauka, tare da amsa laifi ba kwana-kwana. Uban da ya iya cewa ɗansa ya yi kuskure, ya cuci mutane, ya rufe hanyar da masu ɗaukar mayaƙa za su bi su yaudari yaron gobe.

Hukumomin jihar Diffa su ma da nasu aikin. Yaron da aka haifa a tsibiran tafkin Chadi ba shi da takardar haihuwa, ba tare da ita ba kuwa zama jarrabawa kan gagara. Ya kamata a yi musu takardu ta hannun kotu, a kuma riƙa bibiyar gidajen bayan bikin yaye, da ma'aikatan jin daɗin jama'a da limamai da masu unguwanni. Sannan duk abin da aka ba ɗan tubabbe, a ba marayan da rikicin ya bari irinsa ko fiye. Idan maraya ya ga an saya wa wanda ya kashe ubansa keken ɗinki shi ko littafi bai samu ba, an shuka sabuwar gaba.

Matasan birni da 'yan Diffa mazauna Yamai, Kano, Libiya ko Faransa, waɗanda muryarsu ke da ƙarfi a WhatsApp da Facebook, su daina kiran waɗannan yara 'ya'yan Boko Haram. Addini ya koyar cewa ba wanda ke ɗaukar laifin wani. Shari'a da al'umma su ci gaba da sa ido a kan uban, yaron kuma a ba shi gurbi a aji kamar kowane ɗa.