Martani: Gurgu ma yana son ganin Wikki

Malam, na karanta rubutunka inda ka ce gyara hanyoyin yawon daji saboda masu buƙata ta musamman ɓarnar kuɗi ce, wai kuma zai ɓata kyan dajin. Ban yarda ba ko kaɗan.

Wane kyau zai ɓaci? A Yankari da ke Jihar Bauchi an gina ɗakunan kwana, an share hanyoyin motocin kallon giwaye, an yi matakala zuwa maɓuɓɓugar Wikki mai ɗumi. Duk wannan bai dame ka ba, sai da aka zo kan mai keken guragu ka tuna daji ba ya son siminti.

Abin da ake nema ba shi da yawa: gangare mai sauƙi kusa da matakala, ƙarfen dafawa, benci a inuwa, banɗaki mai faɗin ƙofa. Makaho da ka ce ba abin da zai gani yana jin kukan tsuntsaye, yana shafa ɓawon kuka, yana tsoma ƙafa cikin ruwan. Ɗan jagora mai iya bayani kawai yake buƙata.

Kuma ba alfarma ake roƙo ba. Dokar hana nuna wariya ga naƙasassu, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba da shekara 5 a gyara gine-ginen jama'a. Wa'adin ya cika tun 2024.